Wushiryar Ma'aji da Magagarin Baba Iliya

Jiya ɗaya daga cikinku ya tsaya a bakin shagon nan yana kallona ina sa wa wata malamar makaranta sabon ma'aji, wato abin ajiyar bayanai, a kwamfutarta. Na kwance sukuru ɗaya, na zare tsohon, na tura sabon, na ɗaure. Da ta tafi sai na ji yana gaya wa abokinsa wai wannan aikin ko akuya aka nuna wa sau ɗaya za ta yi. Ban ji haushi ba, don ni ma a shekarunsa bakina ya fi hannuna aiki. Amma tun da kun ce koyo kuka zo, ku gyara zama a bencin nan, ku bar latsa waya, in gaya muku abin da ke cikin turawar da kuka raina. A ciki za ku ji dalilin da ya sa tsohon magagarin can yake rataye a ƙusa, alhali ba ku taɓa ganin na yi aiki da shi ba.

Kun san ni da Tanimu mai kwamfuta, amma ba da kwamfuta na fara ba. Kakana falke ne, goro da shadda suka kawo shi Garwa daga wajen Kano, ya ga kogin Binuwai ya ce ya iso. Babana ya gaji rumfar yadi a babbar kasuwa, ya so in gaje shi, ni kuwa duk rediyon da aka bari da ni a ɗaki sai an dawo an tarar da hanjinsa a waje. Da ya gaji da sayen sabo, sai ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Iliya mai gyaran rediyo. Mutumin Poli ne, Kirista, ɗan manoman dutse, ya sauko gari tun yana saurayi. Hausarsa ta kasuwa ce, Fillancinsa ya fi nawa, Faransancinsa kuwa na karanta bayan rediyo ne kawai. Dangi sun yi ta ƙananan maganganu. Babana ya ce shi dai rediyon da mutumin nan ya gyara masa bai sake komawa ba, kuma abin da ya kai ɗansa ya koyo ke nan. Ran Juma'a Baba Iliya ne ke kora ni masallaci tun kafin ladan ya yi kira, ran Lahadi kuma ni ke buɗe shago ni kaɗai.

Aikin farko da na gani a hannunsa rediyon wani masunci ne da abin murɗa murya ya karye. Babu irinsa a duk Garwa, in kuma aka aika Duwala sai damina ta zo ta wuce. Baba ya zura hannu a kwandon matattun rediyoyi, ya ciro na wani iri dabam, ya gwada, bai shiga ba. Sai ya zaro magagari daga aljihun gaba, inda ma'aikatan ofis ke sa biro. Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, ƙarfe ne mai kaushi da ake gurza abu da shi a rage, wanda makanikai ke ce wa lim. Nasa ƙotar ta daɗe da tsagewa, ya naɗe ta da robar tayar keke. Ya gurza kaɗan, ya hura, ya gwada, ya sake gurzawa, har abin ya zauna daram. Masunci ya tafi yana jin labarai, da yamma ya dawo mana da kifi.

Ranar ya ba ni karatun da ya yi ta maimaitawa har na bar hannunsa, wai a shagonsa ba a cewa abu bai shiga ba, sai dai a ce ba a gama rage shi ba. Kada ku yi dariya. A wancan zamani gaskiya ce tsantsa. Kayan gyara ba sa zuwa, wanda ya ce sai ya sami daidai da daidai zai kwana da yunwa shi da iyalinsa. Da magagarin nan Baba ya riƙe gida, ya sa 'ya'yansa lekol, makarantar boko ke nan, ya mayar da injin ɗinki ya zama na naɗa waya. Ni ma da shi na koyi haƙuri, don in ka gurza fiye da kima ba a mayarwa.

Da azahar matarsa Mama Rahila kan kawo mana abinci a kwanon samira, tuwon dawa da miyar yakuwa yawanci. Tun ranar da na fara aiki ta koma sayen nama wurin mahautanmu, don in ci ba tare da tambaya ba, kuma ba ta taɓa ambata mini ba, sai daga baya na gane. Tana cikin mawaƙan mata na majami'arsu, tana waƙa da yarensu na dutse wanda ban iya ba har yau. Shi kuwa Baba yana da ƙa'ida, duk rakodar da ya gyara sai an gwada ɗaukar magana kafin a ba mai ita. Sai ya riƙa tara gwajin zuwa lokacin abinci. Ya sa kaset ɗinsa, ya miƙa mata makarufo, ta ce ita ta gaji da wannan wahala, ta yi dariya, ta yi waƙar. In kaset ya cika ya jefa a kwali ya sa wani. Ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai, gwaji ne kawai, amma kwalin ya yi ta cika.

A layinmu akwai al'adar yaye. Ranar da maigida zai sallami wanda ya koya wa aiki, sai a sayi lemo a kira maƙwabta, ya ce masa ya zaɓi kayan aiki guda ɗaya daga kan tebur, kuma duk abin da ya nuna ba a hana shi. Ranar tawa na tsaya ina duba ma'aunin wuta, ina duba ƙarfen dalma, na rasa na ɗauka. Gaskiyar magana, rumfar da na kama ba ta da nisa da tasa, duk abin da nake so hannu kawai zan miƙa in ara. Sai na ce Baba ya ajiye mini zaɓina, in na shirya zan zo. Mutane suka yi dariya, ya ce jinin fatake ba ya ɓuya, ya yarda. Daga nan abin ya zama gaisuwarmu. Ko a jana'iza muka haɗu, in an gama sai ya raɗa mini, ka zaɓa? In ce ina nan ina tunani.

Kwamfutar farko da na buɗe daga garin Tinyer aka kawo ta, naɗe da bargo a saman motar haya, ta wani mai buga wa mutane takardu. Faifan ajiyarta ya kai tubali nauyi, wayarsa faffaɗa kamar ɗamara, bakinsa cike da allurai. Ɗaya ta lanƙwashe a hanya. Na miƙe ta da bakin basilla, injin ya tashi, na ce ashe wannan ma aikin Baba ne. Haka na zauna shekaru. Daga baya siririyar waya ta zo, wadda ake kira SATA, ita ma ba ta da rigima. Sai kuma wannan da kuke gani a hannuna, wanda a takarda ake rubuta M.2, mu kuma muke ce masa em-de da bakin Faransanci. Ba abin da ke juyawa a cikinsa, ba shi da waya, tsawonsa bai wuce yatsa ba.

Ku karɓa ku duba, wannan matacce ne. Kun ga 'yan layukan nan masu ruwan zinariya a bakinsa, su muke ce wa haƙora. Giɓin da ke tsakaninsu shi ne wushirya. A cikin gurbin da ake tura shi akwai ɗan tudun roba da ke faɗawa cikin wushiryar. Wasu mutane ne a ƙasashe masu nisa, masu ƙera ma'aji da masu ƙera injin, suka zauna suka yi yarjejeniya haƙori bayan haƙori, wannan na wuta, wannan na ƙasa, wannan na kai saƙo, wannan na dawo da shi. Kamar mudun kasuwa ne, in kowa ya sassaƙa nasa ciniki ya lalace. Shi ya sa abin da aka ƙera a wata nahiya yake zama daidai a injin da aka ƙera a wata, a kan teburina a Garwa. Wushirya a dama, da haƙora biyar a ƙaramin gefe, wannan sabon iri ne mai gudu, wanda ake kira NVMe. Wushirya a hagu da haƙora shida, gurbin tsohon iri ne. Mai wushirya biyu yana shiga ko'ina, amma yawanci tsohon yare yake ji, in ka sa shi inda ba a yin yarensa sai ya zauna shiru kamar baƙo.

Wani ɗan kasuwar auduga ya taɓa kawo mini sabon ma'aji da ɗansa ya aiko masa daga waje, ya ce an gaya masa babu mai gudunsa. Ya shiga lafiya, ya yi aiki, amma gudun bai kai yadda aka faɗa ba, ya dawo yana harara ta. Na sha wuya kafin ya gane cewa abin zuriya-zuriya ne. Bakin ɗaya ne, amma kowace sabuwar zuriya tana ninka gudun ta baya, kuma in sabon ma'aji ya haɗu da tsohon gurbi, da tafiyar tsohon za a yi. Sababbin nan kuma zafi gare su. A watannin da ke gaban damina, lokacin da kwaltar garin nan ke kama takalmi, in ba ka ɗora musu ƙarfen shan zafi ba sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone. Akwai gajere, akwai dogo, kowanne da ramin sukurunsa. Yanzu haka ina karanta cewa na manyan injunan ajiya sun sake baki gaba ɗaya, mai ɗaukar wuta da yawa, wanda ake zarewa injin na aiki. Wata rana guntayensu za su iso kasuwar nan, ku ne za ku sake koyo, ni kuwa ina gida ina jan carbi.

Muguwar shekara ta zo mini ne a daidai sauyin nan. Na zuba jarina a tsohon iri, faifai da gidajensu na roba da ake jonawa ta gefen kwamfuta, sai tsofaffin injunan da ake shigowa da su suka fara zuwa da sabon baki. A shekarar kuma hanyar iyaka ta wajen Mayo-Ulo ta toshe, kaya suka daina zuwa. Wuta tana ɗaukewa, in ta dawo ta dawo da fushi ta ƙona abu. Na koma sayar da cajar waya da liƙe wa ɗalibai takardu da leda, man gyaɗar uwargidana ne ya riƙe tukunya. Wasu a layinmu suka rufe suka koma haya da babur. Waɗanda suka rage kuma suka gano wata dabara. In ka kifa sabon ma'aji, wushiryarsa tana komawa hagu, ta kusa dacewa da tudun tsohon gurbi, saura kamar faɗin haƙori ɗaya. In ka danna da ƙarfi ko ka gurza kaɗan, yana shiga. Da idona na ga an yi wa wani mai hoto haka a wata rumfa. Aka jona, wari ya tashi kamar an ƙona leda, wuta ta bi haƙoran da ba nata ba. Hotunan bukukuwan mutane suka tafi, mai hoton ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Na roƙi gawar ma'ajin na ajiye, ita ce wannan da ke hannunku.

A cikin wannan shekara, wata safiya, Baba Iliya ya shigo shagona tare da jikarsa Tabita, wadda ke karatun jinya. Ya daɗe da barin aiki, idonsa ya rage amma hannunsa ko rawa ba ya yi. Mama Rahila ba ta jima da rasuwa ba. Ko ka zaɓa bai tambaye ni ba, nan na san da magana. Tabita ce ta yi bayani. Bayan rasuwar ta zauna ta kwashe duk kaset-kaset ɗin kwalin nan ta zuba a sabuwar kwamfutar da kawunta ya aiko mata daga Duwala. Da damina ruwa ya shiga ɗakinsu a unguwar Yelwa ya jiƙa kwalin, kaset suka manne suka ruɓe. Ta yi niyyar kwafa a wani wuri, karatu ya sha kanta. Sai ga wuta ta dawo ta kashe kwamfutar. Muryar Mama ba ta rage ko'ina a duniya ba sai a cikin injin da ke cinyar yarinyar.

Na sa turnabis, abin kwance sukuru, na buɗe. Babban allon da ke cikin injin ya ƙone, babu batun gyara. Ma'ajin kuwa fes, ko tabo babu, sabon iri mai haƙora biyar. Na ce alhamdu lillahi, akwai rai, sai dai ba ni da gidan da zan sa shi in karanta. Baba ya ce wannan ba matsala ba ce. Ya buɗe jakarsa ya fito da gidan ma'aji da ya sayo a bakin tasha, wanda mai tallar ya rantse masa kowane iri yana ɗauka. Kallo ɗaya na yi masa na ga tsohon gurbi ne. Kafin in buɗe baki ya ɗauki ma'ajin daga kan tebur ya gwada, bai shiga ba. Ya kifa shi, ya sake gwadawa, ya matso da shi kusa da ido. Na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da na sani tun ina yaro. Ya ce saura ƙiris. Hannunsa ya tafi aljihun gaba.

Ku da kuke kiran malaminku da sunansa ba za ku gane tsayuwar da na yi ba. A sana'armu wanda aka koya wa ba ya riƙe hannun maigidansa, ba ya ce masa ba haka ake yi ba, balle a gaban jikarsa. Na bi ta gefe. Na ce Baba, waɗannan na zamani masu ƙera su sun ce kowane haƙori da aikinsa. Ya ce tun kafin a haife ni masu ƙera abu ke rubuta kada a taɓa a bayan rediyo, da ya bi maganarsu da ban koyi komai ba. Na nuna masa gawar ma'ajin mai hoto, ya ce wanda ya yi wannan ba shi da haƙuri ne, ya gurza da yawa. Ya kwantar da ma'ajin a gefen tebur, ya danne da babban yatsa, ya ɗora magagarin a kan wushiryar. Tsoro ya kama ni sosai, don na san gurzawa biyu da jonawa ɗaya sun isa.

"Baba," na ce, "na zaɓa."

Ya ɗago ya dube ni.

"Zaɓina na ranar yaye da ka ajiye mini. Yau nake so. Magagarin da ke hannunka."

Tabita ta dube ni ta dube shi, ba ta san zancen ba. Baba ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya magagarin, ya miƙo mini ta wajen ƙota, yadda ya koya mini a miƙa kayan aiki.

"An ba ka," ya ce.

Sai ya ɗauki ma'ajin ya naɗe a hankici ya sa a aljihu, ya mayar da gidan da ya sayo cikin jaka. Na roƙe shi ya bar mini ajiyar, ya ce matarsa ba ta kwana a kasuwa. Ya ce in na sami abin da nake ganin ya fi nasa in aika a kira shi. Suka tafi, na zauna da magagari a hannu, ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba.

Na bi garin nan rumfa-rumfa, babu mai gidan sabon iri. Masu sababbin injuna kaɗan ne a lokacin, kuma ba wanda zai yarda a kwance masa nasa don tsohuwar waƙa. Sai na je wurin Alhaji Bappa, wani Bafulatani ɗan kasuwa da ke bin ƙananan hanyoyi ta Mayo-Ulo in an sami sarari. Bai san kan kwamfuta ba, don haka ban wahalar da shi da suna ba. Na ba shi gawar ma'ajin mai hoto na ce ya gwada da hannunsa, rubutun yana sama, in bai shiga da sauƙi ba kada ya saya ko an rantse masa. Tafiyar farko ya dawo hannu wofi. Ta biyu ruwa ya cinye hanya. Na ja Tabita gefe na ce ta sa ido a kan kakanta, ta ce mini ai ɗakinsa yake kullewa. Shi kuma Baba lokaci-lokaci sai ya zo ya zauna a bencin nan da kuke kai, ya sha shayi, ya tambaye ni ko magagarin na ci da kyau, ya tashi ya tafi. Maganar ma'aji ko sau ɗaya bai tayar ba, ni ma ban iya tambaya ba.

Da kaka ta kusa Alhaji Bappa ya shigo da ƙura har gira, ya ajiye mini ɗan kwali, gawar na zaune a cikin gidan daram. Na yi ta jera masa useko, godiyarsu ta Fillanci, har ya gaji da amsawa. Na aika aka kira Baba. Ya zo da rigarsa ta zuwa majami'a, Tabita na biye. Ya warware hankicin a kan tebur. Ban ɓoye ba, gilashin ƙara girma na fara ɗauka na bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Lafiya lau, wushiryar yadda aka ƙera ta. Na buɗe sabon gidan na tura masa gabansa, don ba zan sa da hannuna yana zaune ba. Na ce a karkace kaɗan ake turawa, sannan a kwantar. Ya tura da yatsa biyu, abin ya shige ba gardama, ya kwantar, ya ɗaure sukurun da kansa. Ya ɗan taɓe baki ya ce wannan ai bai bar wa hannu aikin komai ba.

Na jona a kwamfutata. 'Yar fitilar gidan ta kama, ba wari, ba hayaƙi. Sunayen waƙoƙin suka fito a jere. Kafin a taɓa komai na fara kwafa zuwa wurare dabam-dabam, kuma wannan ku riƙe shi, ba a sauraron abu sai an kwafe shi. Da aka gama Tabita ta latsa na farko. Shuuu na tsohon kaset ya fara fitowa, da hayaniyar kasuwa, da ƙahon wata mota. Sai muryar Baba ta ƙuruciya tana cewa yi magana, gwaji muke. Sai Mama Rahila ta ce ita ta gaji da wannan wahala, ta yi dariyar nan tata, ta ɗauki waƙa. Can baya ana jin wani yana kankare kwano yana tambaya ko akwai sauran miya. Ni ne. Na yi kewarta a lokacin fiye da ranar da aka binne ta, hawaye ya zubo mini ban share ba. Mai shayi da tela na kusa suka zo bakin ƙofa suka tsaya. Baba ya ɗora hannuwansa a gwiwa, idonsa a rufe, leɓensa na bin waƙar.

Waƙar ta ƙare. Sai Baba ya sa hannu a aljihun wando ya fito da wani magagari, ƙarami, siriri, irin na gyaran agogo, wanda ya fi babban dacewa da wushiryar nan nesa ba kusa ba. Ya ajiye a kan tebur.

"Tanimu, a ina ka taɓa ganin mai gyara da magagari ɗaya?"

Na dubi magagarin, na dube shi.

"Kullum sai na kulle ɗaki na fito da shi, na ajiye kusa da ma'ajin, na yi ta dubansu," ya ce. "Saura ƙiris ne fa, har yanzu ina kan bakata. Amma sai in tuna shekara da shekaru kana jan zaɓin nan. Ba ka kashe shi a kan ma'auni ba, ba ka kashe shi a kan ƙarfen dalma ba, ka zo ka kashe shi a kan tsohon ƙarfe mai ƙotar roba. Na ce jikan fatake ba ya irin wannan ciniki a banza, akwai abin da ya gani wanda idona bai kai ba. Sai in mayar aljihu."

Ya turo mini shi da yatsa ya ce in haɗa da wancan, gyara ne. Shi ne ƙaramin da ke bayan babban a ƙusar can, in kun matsa za ku gan shi. Sannan ya juya wajen Tabita ya ce ta mayar da waƙar baya, daga wurin dariyar.